Goro, Ɓera da Jirgin Ruwa: Annobar Legas ta 1924 da Abin da Ta Bar Wa Mazauna Kurmi



Matashiya

Duk wanda ya yi zaman kurmi a shekarar 2020 ba zai manta da watannin kulle ba. Mun ga yadda aka riƙa tare manyan motoci a kan iyakokin jihohi, ana sauke samarinmu daga tsakanin shanu da buhunan albasa, ana jera su a bakin titi ana ɗaukar su hoto, ana cewa ga masu kawo korona nan. Alhali kowa ya san cewa mutum na farko da aka samu da cutar a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairun 2020, wani Ba'italiye ne da ya sauka Legas a jirgin sama. Abin ya yi wa da yawa daga cikinmu ciwo, har wasu na ganin wani sabon wulaƙanci ne aka ɓullo da shi. To amma in mai karatu ya waiwaya baya zai tarar ba yau farau ba. Shekara ɗari da suka wuce an yi wata annoba a Legas, wadda iyayenmu ke kira Ikko, kuma a lokacin ma fataken goro aka fara nuna wa yatsa. Labarinta nake so mu duba a yau, mu ga me ya kawo ta, me ya ciyar da ita har shekara bakwai, kuma me ta bari bayan ta tafi.

Cutar da hanyar da ta biyo

Cutar da muke magana a kai ita ce wadda malamanmu ke kira ɗa'un, wato annobar ɓeraye. Asalinta ƙwayar cuta ce da ke zama a jinin ɓera. Ƙuma ta ciji ɓera mai ɗauke da ita, ɓeran ya mutu, jikinsa ya yi sanyi, sai ƙumar ta nemi wani jini mai ɗumi, ta faɗa wa ɗan Adam. Cikin 'yan kwanaki sai zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum, kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya. Idan ƙwayar ta kai ga huhu, to ba ta buƙatar ƙuma kuma, tari kaɗai ya isa ta tsallaka daga wannan zuwa wancan, kuma a zamanin da babu magani da wuya mai irin wannan ya tashi. Shi ya sa mutanen da suka san ta ke cewa in ka ga ɓeraye na fitowa fili suna faɗuwa matattu, to ka shiga taitayinka.

Wannan zagaye na annobar ya taso ne daga lardin Yunnan na ƙasar Sin a ƙarni na 19, ya isa Hong Kong a 1894. A can ne wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a wannan shekara. A 1896 ta shiga Bombay, inda daga nan ta ci miliyoyin rayuka a Indiya. A 1898 wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, ya nuna a Karachi cewa ƙuma ce 'yar aike tsakanin ɓera da mutum. Daga nan jiragen ruwa masu tururi suka yi ta rarraba ta tashar ruwa bayan tashar ruwa: Cape Town a 1901, Ankara ta ƙasar Gana ta yau a 1908, Dakar a 1914. Ɓera ba ya biyan kuɗin jirgi, igiyar da aka ɗaure jirgi da ita ta ishe shi gada.

Yadda goro ya shigo cikin maganar

Kakanninmu sun daɗe suna fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna da 'yan alaro, a yi watanni a hanya kafin a kai Salaga, a yi wasu watannin kafin a dawo. A irin wannan tafiya cuta mai saurin kisa ba ta iya yin nisa, domin wanda ya kamu zai warke ko ya rasu tun ayari bai kai zango na gaba ba. Nisan hanya kansa katanga ne.

Zuwan Turawa ya rushe wannan katanga. Jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da tashar ruwa ta Sekondi a 1903. A nan gida layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Sai fatake suka bar jakuna: a sayi goro a Kumasi, a loda shi a jirgin ƙasa zuwa Sekondi, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan a ɗora wa jirgin ƙasa zuwa Arewa. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Riba ta ƙaru, goro na isa Kano da ɗanyensa, Hausawa suka yi ta zama a Legas da garuruwan da ke bakin dogo suna dillanci da saukar baƙi. Amma hanyar da ta sauƙaƙa wa huhun goro ita ce ta sauƙaƙa wa ɓera da ƙumarsa.

Tun kafin annobar ɓeraye an ga misalin haka. A watan Satumban 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas daga Gwalkwas ɗauke da masu murar nan da ta game duniya, wadda dattawan Arewa suka riƙa kira marisuwa. Cikin 'yan makonni ta bi layin dogo da koguna ta karaɗe ƙasa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Wato shekara shida kafin 1924 an riga an san cewa abin da ya sauka a bakin ruwan Legas ba ya tsayawa nan.

A farkon 1924 annobar ɓeraye ta ɓulla a Sekondi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kumasi, inda ta yi ɓarna a zango. A tsakiyar shekarar sai ga ta a tsibirin Legas, a unguwar Oko Awo. Rahotannin hukuma sun danganta shigowarta da cinikin goro tsakanin Gwalkwas da Legas, kuma da yake mafi yawan masu wannan ciniki Hausawa ne, ba sai an faɗa wa mai karatu a kan wa ido ya koma ba.

Abin da ya ciyar da ita

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Mu ɗauka ma a cikin kayan wani Bahaushe cutar ta sauka. To jirgi rana guda ya kawo ta, amma ta zauna daga 1924 har 1931. Wa ya ba ta masauki shekara bakwai?

Legas ta wancan lokaci tana da mutum kusan 100,000 a ƙidayar 1921, suka haura 126,000 a 1931, kuma mafi yawansu a cunkushe suke a gefe guda na ƙaramin tsibiri mai fadama. A unguwanni irin su Oko Awo ɗakunan kwano da katako ne manne da juna, lungu bai wuce mutum guda ya ratsa ba, babu magudanar ruwa ta kirki, bahaya a bokiti ake yi a kwashe da dare, shara a bayan ɗaki, hatsi da kayan sayarwa a ƙarƙashin gadon da ake kwana. In damina ta sauka ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. Ko da gangan aka ce a gina wa ɓera gari, da wuya a fi haka.

Gwamnatin mulkin mallaka ta san da wannan hali tun da daɗewa. Sai dai tunaninta a lokacin shi ne ta raba Turawa da 'yan ƙasa, ta gyara inda Turawa ke zaune, ta bar sauran. A waɗannan shekaru ne ake shimfiɗa Ikoyi da manyan filaye da itatuwa da tituna, ga kuma Oko Awo a tsibiri ɗaya tana iyo cikin ƙazanta. Ƙuma kuwa ba ta karanta taswira. Saboda haka idan ana lissafin musabbabin annobar, jirgi da goro kashi ɗaya ne, cunkoso da talauci da sakacin hukuma su ne suka riƙe ta.

Akwai kuma kashi na uku wanda ya shafe mu kai tsaye, wato rashin yarda tsakanin jama'a da hukuma. Matakan da aka ɗauka masu tsanani ne. Duba-gari, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole, na shiga gida ba sallama. Gidan da aka samu mara lafiya sai a kwashe mutanensa a killace, a fesa magani, a ƙona tsummokara, wani lokacin a rushe ɗakin. Ana binciken gawa kafin a bari a binne. Ana tare matafiya a duba su, ana yin allurar rigakafi, ma'aikata na bi lungu-lungu da tarko da guba suna kama ɓeraye a kai su a bincika. Wasu daga cikin matakan daidai ne, amma an zo da su da sanda, ba a zauna da mutane an yi musu bayani ba. Ga Musulmi kuma, a ce ba za ka yi wa mamacinka wanka da sutura ka binne shi da wuri ba sai wani ya taɓa gawarsa, abu ne mai nauyi ƙwarai. Sai mutane suka shiga ɓoye marasa lafiya, wasu suka riƙa sulalewa daga gari da dare, kuma ta haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasar Ijebu da ta Abekuta.

Alƙaluman da aka rubuta sun nuna cewa daga 1924 zuwa 1931 mutum 1,947 ne suka kamu a Legas, 1,813 suka rasu. Mai karatu ya duba da kyau: fiye da 90 cikin 100 ke nan. Alhali nau'in kaluluwa, ko ba magani, yakan kashe tsakanin 30 da 60 cikin 100 ne. Nau'in huhu ya ƙara yawan mace-macen, gaskiya ne, amma a ganina wannan tazara tana ba da wani labari: da yawa hukuma ba ta san da ciwonsu ba sai da suka zama gawa, waɗanda suka yi jinya a ɓoye suka tashi kuwa ba su shiga littafi ba. Tsoron duba-gari ya fi tsoron cutar, kuma cutar ce ta ci ribar wannan tsoro.

Abin da ta bari

Babban abin da annobar ta haifar shi ne hukumar raya birnin Legas da ake kira LEDB, wadda aka kafa a 1928. Aikinta na farko shi ne rushe unguwannin da aka ce su ne matattarar cuta, Oko Awo na kan gaba, da cike fadamu, da fitar da tituna, da buɗe sababbin filaye a Yaba domin a rage cunkoson tsibiri. Ba za a ce ba a amfana ba. Magudanan ruwa da hanyoyin da aka yi sun taimaka, kuma bayan 1931 annobar ba ta sake kama Legas irin haka ba.

Amma wa ya biya kuɗin gyaran? Mai gida da takardar fili yana iya neman diyya. Ɗan haya, da baƙon da ke kwana a zauren mai masauki, da ɗan dako, ba su da takardar da za su nuna, sai dai su naɗe tabarma su nemi wani lungun su ƙara masa cunkoso. Kuma da hukuma ta ɗanɗana wannan hanya ba ta sake ta ba. Ita dai LEDB ɗin ce ta rushe tsakiyar Legas daga 1955 ta kwashe mutane zuwa Surulere, kuma hujjar tsabta da lafiyar jama'a tana cikin abin da aka kafa lokacin da aka baje Maroko a 1990. Duk Bahaushen da ya taɓa wayar gari ya ga katafila a bakin kasuwarsu ya san wannan karatu.

Ba a Legas kaɗai aka yi haka ba. A Kumasi bayan annobar 1924 an rushe tsohon zango aka gina sabo, aka kuma kafa hukumar lafiyar gari a 1925. A Cape Town a 1901 an kwashe baƙaƙen fata fiye da 6,000 daga cikin gari aka kai su wani sansani da ya zama unguwar Ndabeni. A Dakar annobar 1914 ce ta haifi unguwar Medina, inda aka tura 'yan ƙasa nesa da Turawa. Idan muka koma can baya, lokacin da wannan cuta ta cinye wajen sulusin mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351, Yahudawa aka ɗora wa laifi, aka ce guba suka zuba a rijiyoyi, har aka ƙona ɗaruruwansu a birnin Strasbourg a 1349. Ko'ina ka duba, in annoba ta zo akan nemi wanda harshensa ko tufafinsa suka bambanta a rataya masa.

Ta fuskar ciniki ma an ji a jika. Killace jirage da binciken kaya da takura wa matafiya sun wahalar da masu kawo goro ta ruwa. A daidai waɗannan shekaru kuma manoman Agege da Ota da ƙasar Egba da Remo na faɗaɗa gonakin goro irin na Gwanja, har goron gida ya zo ya maye gurbin na Gwalkwas a kasuwannin Arewa. Annobar ba ita kaɗai ta jawo wannan sauyi ba, amma ta faɗo a tsakiyarsa. Sakamakonsa kuwa mu ne: zangon Agege, da Sabon Shagamu, da sauran unguwannin Hausawa da suka cika suka batse a garuruwan goro, saboda fatake sun daina tsallaka teku, sun zo sun zauna kusa da gona. Sabon Badun, wanda aka kafa tun 1916, shi ma goro da shanu ne suka raya shi.

Shekara casa'in bayan haka

Ranar 20 ga Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ta kuma sanar da hukuma. Ita kanta ta kamu ta rasu. Aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar gida-gida, ana auna zafin jikinsu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Birni mai mutum miliyoyi ya kashe wutar cikin wata uku, alhali birni mai mutum dubu ɗari ya kasa cikin shekara bakwai. Cututtukan biyu ba iri ɗaya ba ne, amma babban bambancin shi ne a 2014 an faɗi gaskiya da wuri, kuma mafi yawan waɗanda aka bi sawunsu sun ba da haɗin kai.

Duk da haka mu tuna da namu abin kunyar na wannan shekara: daren da aka yi ta buga waya ana tashin mutane su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har wasu suka kwanta asibiti, da kuma jita-jitar cewa namijin goro na maganin Ebola, wadda sai da ministan lafiya ya fito ya ƙaryata.

Kammalawa

Yau annobar ɓeraye tana da magani, ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta na warkar da ita in an fara da wuri, ko da yake ba ta ƙare a duniya ba, don ta yi ɓarna a Madagaska a 2017. Amma ɓera bai bar mu ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma duk rani sai ya kashe mutane a jihohi irin su Ondo da Edo da Bauchi. Kwalara ma ta sake tashi a Legas a 2024. Yanzu mai karatu ya leƙa inda samarinmu ke kwana a Mile 12 ko Idi Araba: mutum goma sha a ɗaki guda, buhunan abinci a gefe, kwata a toshe, makewayi ɗaya ga jama'a masu yawa. Me ya raba wannan da Oko Awo ta 1924?

Hakkin hukuma ne ta kawo ruwa da magudana ta kwashe shara, kuma sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su riƙa neman wannan da baki ɗaya, tunda muna biyan haraji da kuɗin tikiti kullum. Amma akwai wanda ke wuyanmu. Kada mu ɓoye mara lafiya don tsoron abin da za a ce da Hausawa. Kada mu saka mai zazzaɓi a mota mu ce a kai shi gida, domin haka ake kai wa iyaye da yara a ƙauye abin da ba su da asibitin da zai tare shi. Addininmu ya riga kowa magana a kan wannan. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudun ta. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annobar Amwas, wadda ta ɗauki ran Abu Ubaida, kuma bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba.

Baƙo a garin mutane shi ake fara tuhuma, wannan ba mu da ikon hana shi. Abin da muke da iko a kai shi ne kada a zo a tarar da gaskiya a cikin tuhumar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan annobai, Ya kare mu da zuriyarmu a duk inda muke neman halaliyarmu, amin.